Mun Tambayi Waya Hanyar Burgundi, Ta Miƙo Mana Kwalba

Mu huɗu ne, kuma dukkanmu da rubuta manhaja muke cin abinci. Biyu a Kano, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Abuja, muna yi wa wani kamfani aiki daga ɗakunanmu, da sola da janareto da addu'ar kada intanet ta ɗauke ana tsakiyar taro. A bana kamfanin ya ce a haɗu ido da ido a birnin Liyon na ƙasar Faransa, a ƙarshen watan Afrilu, na kwana uku. Tunda wani ne zai biya kuɗin jirgi, sai muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama: mu ƙara kwana shida daga aljihunmu, mu ga wani abu a ƙasar ban da ɗakin taro da filin jirgi.

Da muka buɗe taswira sai ga yankin Burgundi a arewa da Liyon, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ƙasa. Duniya ta san shi da gonakin inabi da giyar da ake matsa daga cikinsu. Mu kuwa ba ma sha, ba mu taɓa sha ba, ba ma kuma neman ƙofar fara sha. Amma uku daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, kuma ƙasar da aka ce mutanenta sun fi shekara dubu suna noma abu ɗaya a kan gangare ɗaya ba ƙasar da za mu wuce ta da ido a rufe ba ce.

Sai muka yi abin da kowa yake yi a yau. Muka rubuta wa wata manhajar shirya tafiye-tafiye, irin masu ƙirƙirarriyar basira, cewa ta tsara mana kwana shida a Burgundi. Kafin shayinmu ya huce ta zubo jadawali tsaf, da awa da minti. Ranar farko, ɗanɗana giya a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Rana ta biyu, ɗanɗana giya a wani gidan gona. Rana ta uku, hawan keke, a tsaya sau uku a ɗanɗana. Muka koma muka rubuta mata da manyan baƙaƙe cewa ba ma shan giya. Ta ba mu haƙuri cikin ladabi, ta sake zubo jadawalin nan dai, sai dai a wannan karon ta ƙara da cewa muna iya shiga ɗakunan mu tsaya kallo sauran baƙi suna sha, ko kuma mu kurkure baki mu tofar, tunda masana ma haka suke yi. Muka gwada manhaja ta biyu, muka gwada ta uku. Jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Wannan rubutu ƙara ce muka shigar, kuma mu ne masu ƙara, mu ne rabin waɗanda ake ƙara, domin irin waɗannan manhajoji hannun irinmu ne ya gina su. Maganarmu ɗaya ce: duk wanda ya bar waya ta shirya masa tafiya, tafiyar wani zai je ya maimaita, da kuɗinsa da kwanakinsa, ya dawo yana zaton tasa ya yi.

Wanzami ba ya son jarfa, amma tunda sana'armu ce, bari mu faɗi yadda abin yake aiki. Manhajar da take jera maka wuraren zuwa ba ta san ka ba, ba ta kuma san wuraren ba. Abin da ta sani shi ne me mutane suka latsa, me suka biya, taurari nawa suka bayar. Abin da aka fi latsawa shi yake hawa sama, abin da ya hau sama shi ake ƙara latsawa, haka gurguwar keken take ta juyawa. Sannan da yawa daga cikin waɗannan manhajoji kamasho suke ci a kan duk abin da ka saya ta hannunsu. Ɗakin ɗanɗana giya yana da farashi, yana da maɓallin biya, saboda haka yana da layinsa a rumbun bayanai. Tsohon da yake datse rassan inabi a bakin hanya ba shi da maɓalli, don haka a wurin manhaja babu shi a duniya. Ita kuwa ƙirƙirarriyar basira mai rubuta maka jadawali da daddaɗan lafazi, aikinta hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, gwargwadon ɗimbin rubutun da aka ɗura mata. A cikin wannan rubutu, inda duk aka ce Burgundi, giya ce take biye. Umarninka na layi ɗaya yana kokawa ne da shafuka miliyoyi. Mutum irinmu, a cikin lissafin, ƙura ce da ake sharewa domin sakamako ya fito sumul. Mun san haka saboda mu ma mun sha share irin wannan ƙura a wurin aiki, ba tare da mun tambayi ko wane ne a cikinta ba.

Yaudara ta farko a hoto take. Duk shafin da muka buɗe, nonnan inabi ne baƙaƙe sun yi lodi a jikin kuranga, rana tana faɗuwa a bayansu. Wanda ya je Burgundi a Afrilu ba zai ga ƙwayar inabi ko ɗaya a gona ba. Kututture zai gani gajeru, an datse su tun cikin hunturu, an ɗaure a jikin waya, da toho ƙanana kamar ƙwayar wake. Fure sai wajen Yuni, girbi sai kimanin kwana ɗari bayan fure, wato Satumba, ko ƙarshen Agusta a shekarar da zafi ya yi yawa. Hoton Satumba ake sayar wa matafiyin Afrilu. Ita ma kalmar bazara da muke fassara wannan lokaci da ita tarko ce. Bazararmu zafi ce da gumi da hadarin da ba ya zuba. Tasu, daga Maris zuwa Mayu, fitowa ce daga sanyi, kuma da asuba ma'aunin zafi yana iya sauka har ruwa ya daskare. Wanda ya haɗa kaya da tunanin bazarar Kano, jikinsa zai gaya masa.

Kuma a cikin wannan sanyi ne labarin yankin yake. A ƙarshen Maris na 2021 aka yi ɗumi irin wanda ba a saba ba, inabi ya ruɗu ya yi toho da wuri. Sai a makon farko na Afrilu sanyi ya dawo dare bayan dare, raɓa ta daskare a kan tohon ta ƙone shi. Manoma suka kwana a gona suna kunna dubban manyan kyandirori a cikin gwangwanaye tsakanin layukan inabi, wasu suna ƙona ciyawa, duk don su ɗaga zafin iska da ɗan abin da zai ceci amfanin shekara. Da yawa ba su tsira ba. Gwamnatin Faransa ta ware yuro biliyan ɗaya domin tallafa wa manoman da abin ya shafa. Har yau manoman can ba sa sakin jiki sai an wuce 11 da 12 da 13 ga Mayu, kwanakin da al'adarsu ta ɗauka su ne ƙarshen haɗarin sanyi. Duk wanda ya taɓa ganin mahaifinsa ya yi shuka bayan ruwan farko, ruwan ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa, ba ya bukatar tafinta ya fassara masa fuskar manomin da ya kwana yana gadin toho. Hotunan waɗancan kyandirori sun zaga duniya, an yi ta yaba kyansu. Manhaja ta ajiye kyan, ta zubar da asarar.

Abu na biyu da ta ɓoye mana shi ne ƙasar kanta. Daga birnin Dijon zuwa kudu akwai wani siririn gangare mai tsawon kimanin kilomita 60, mai fuskantar gabas, a kan dutsen farar ƙasa. Mutanen wurin sun yanka shi gona-gona har 1,247, kowace da sunanta da iyakarta, kowace an san yadda ruwa yake bi ta cikinta, da sa'ar da rana take fara taɓa ta, da zurfin ƙasarta kafin a tarar da dutse. Suna kiran kowace irin wannan gona da suna kilima. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya. Gona biyu suna iya zama hanyar ƙafa ce kawai ta raba su, amma darajar ɗaya ta ninka ta ɗayar sau da yawa. Mafi shaharar su, Romanée-Conti, ba ta kai hekta biyu ba. Wata kuma, Clos de Vougeot, mai kimanin hekta 50, masu zuhudun Kirista na gidan ibadar Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, su suka kewaye ta da katangar dutse. Juyin juya halin 1789 ya ƙwace ta daga hannun coci aka sayar, daga baya ciniki da rabon gado suka yi ta gutsura ta, har yau masu ita sun kai wajen tamanin, wani layuka kaɗan ne rabonsa. Wanda ya ga yadda gandun kakansa ya koma fegi-fegi a hannun jikoki ya san wannan labari tun kafin a ba shi.

Dattawanmu ma sun san ƙasarsu haka. Sun san jigawa, sun san fadama, sun san gonar da take son gero da wadda dawa kaɗai take yi a cikinta. Bambancin shi ne mutanen Burgundi sun rubuta nasu, sun kai shi gaban doka. Tun 1936 Faransa ta fara ɗaure sunan amfanin gona da wurin da ya fito, ta yadda ba mai ikon aron sunan gonar wani ya liƙa a hajarsa. Tsarin bai tsaya kan giya ba: cuku yana da shi, har kajin yankin Bresse suna da shi tun 1957. Abin da ba a ɗaure ba kuwa, ga yadda ya ƙare: mastad ɗin Dijon, wanda sunansa ya zaga duniya, mafi yawan ƙwayar da ake niƙa shi da ita daga Kanada ake kawowa, shi ya sa da fari ya buga Kanada a 2021, sai mastad ya yi ɓatan dabo a kantunan Faransa a 2022. Nijar ta riga ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista irin wannan. Wannan darasi kaɗai ya isa kuɗin jirgin ƙasa, kuma babu manhajar da ta ambata mana shi.

Akwai kuma abin da ya taɓa mu a matsayinmu na masu aiki da bayanai. A garin Beaune, wanda ake furtawa Bon, an samu rubutattun ranakun fara girbin inabi tun daga shekarar 1354. Masu bincike sun tattara su suka wallafa a 2019, suka gano cewa daga 1988 zuwa yanzu girbi yana zuwa da wuri da kimanin kwana 13 idan aka kwatanta da ƙarnonin da suka gabata. Shekara sama da 660 ana rubuta rana ɗaya tak a kowace shekara, a cikin yaƙi da annoba da canjin sarauta, ga shi yau wannan rubutu ya zama shaida a kan ɗumamar duniya. Mu da muke alfahari da rumbunan bayananmu, nawa ne daga cikinsu za a iya buɗewa nan da shekara ashirin? Haka nan labarin ƙwaron nan filoksera, wanda ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860, ya iso Burgundi a shekarun 1870, yana cin saiwar inabi har gonaki suka mutu. Maganin da aka samu shi ne aure: a ɗauki reshen inabin Faransa a aura shi a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kusan duk kurangar da ido zai gani a can yau mai aure ce, kamar mangwaron lambunanmu.

Wani zai ce duk wannan ƙarin ilimi ne, rashinsa ba ya cutar da kowa. To ga inda rashin sanin manhaja yake cutarwa. Ta jera mana abincin da ta ce kada mu kuskura mu bar yankin ba mu ci ba, bayan mun riga mun gaya mata ko su wane ne mu. Bœuf bourguignon naman sa ne da aka dafa a cikin jar giya. Coq au vin zakara ne a cikin giya. Œufs en meurette ƙwai ne a cikin miyar giya. Jambon persillé naman alade ne. Cukun Époisses, wanda ake ji da shi, da barasa ake wanke bayansa yayin da yake nuna. Ko mastad ɗin ma, wani ana zuba masa farar giya, sai an karanta jikin kwalba. Da mun bi ta, da mun ci abin da ba mu yi niyya ba tun daren farko. Ba ta gaya mana cewa akwai mahautan halal a Liyon da Dijon ba, ko cewa Liyon tana da babban masallaci da aka buɗe a 1994, ko cewa masauki mai ɗakin girki da kasuwar safe sun fi mana gidan abinci mai taurari. Ta kuma cika mana ranar 1 ga Mayu da zirga-zirga, alhali ranar hutun ma'aikata ce da kusan komai yake rufe, har motocin bas da jiragen cikin gari na Liyon ba sa fita. A ƙananan garuruwa, wanda ya wuce ƙarfe biyu na rana bai ci abinci ba, sai ya jira dare.

Sai kuma abin da shirunta a kansa ya fi yi mana ciwo. Kafin a bar Liyon a nufi Burgundi, a ɗan arewa da birnin, akwai wani ƙauye da ake kira Chasselay. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940, sojojin Afirka da suke yi wa Faransa yaƙi suka tare rundunar Jamus a wannan yanki. Da aka ci su, Jamusawa suka ware baƙaƙe daga farare, suka kai baƙaƙen fili suka buɗe musu wuta. Ana kiran su sojojin Senegal, amma daga ƙasashe daban-daban na Afirka ta Yamma da Faransa take mulka aka ɗebo su. A 1942 aka buɗe musu maƙabarta a wurin, da jar katanga irin ginin ƙasarmu, ana kiran ta Tata, kalmar da wasu harsunan Afirka ta Yamma suke kiran ganuwa da ita. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ne suke kwance a ciki. Shiga kyauta ne, shi ya sa ba ta da maɓalli, shi ya sa manhaja uku suka tsallake ta. Kuma zancen ɗan Afirka a gonakin Faransa bai zama tarihi ba tukuna. A yankin Shamfen, can arewa, a girbin 2023, an gano ma'aikata sama da hamsin, akasarinsu 'yan Afirka ta Yamma, an cusa su a wani kango ana bautar da su, har kotu ta yanke wa masu hannu a ciki hukuncin ɗauri a 2025. Wanda zai tsaya a gaban gonar inabi, ya kamata ya san hannun wa yake tsinke ta.

Yanzu bari mu zo ga ƙalubalen da ya fi na manhaja nauyi, domin daga gida ya fito. Da labarin tafiyar ya bazu a dangi, kawun ɗayanmu, manomi mai lambun mangwaro, ya aiko da saƙon murya. Ya ce, "Ɗana, na ji an ce ƙasar giya za ku. Duk faɗin duniyar Allah ba ku ga wurin zuwa ba sai can? Me za ku je yi?" Ba mu ɗauki maganar Kawu da wasa ba, kuma ba za mu bari wani ya ɗauke ta da wasa a gabanmu ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa hani a kan giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta da mai ɗauka da mai sayarwa, har da zama a teburin da ake shan ta. Saboda haka muka ja wa kanmu layi tun daga gida: ba za mu shiga ɗakin ɗanɗanawa ba, ko da sunan kallo, ba za mu sayi kwalba ba, ko da tsaraba ce ga abokin aikin da yake sha, ba za mu zauna inda ake zuba ta ba. Kuma ba za mu yi ƙaryar cewa wannan ya wanke komai ba. Kuɗin da za mu biya masauki a Beaune zai zaga ne a garin da giya take riƙe da tattalin arzikinsa. Ɗaya daga cikinmu ya auna wannan, ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, da an tashi taro gida zai dawo. Ba mu yi masa dariya ba, shi ma bai kira mu da wani suna ba. Mun koma mu uku.

Amma ku lura da wani abu. Kawu da waya sun haɗu a kan zato ɗaya, cewa Burgundi kwalba ce, babu komai a cikinta sai abin sha. Inda suka rabu shi ne Kawu tsoron lahirarmu yake ji, waya kuwa kamashonta take nema. Sannan Kawu ya yi tambayar da waya ba ta taɓa yi mana ba: me za ku je yi? Manhaja ta tambaye mu kwana nawa, mutum nawa, kuɗi nawa. Ba ta tambayi dalili ba, domin dalili ba ya shiga akwatin cike fom. Sai da muka zauna neman amsar da za mu iya faɗa wa Kawu ba tare da sunkuyar da kai ba, sannan muka fara shirin tafiya na gaskiya. Hoton da waya take sayarwa ma ya tsufa ko a wurin masu ƙasar. Bafaranshe a shekarun 1960 yana shan sama da lita 100 ta giyar inabi a shekara, yau bai wuce wajen 40 ba. Tun 1991 doka ta taƙaita tallan barasa a ƙasar, kuma a 'yan shekarun nan gwamnati tana biyan manoman yankin Bordo kuɗi su tumɓuke gonakin da babu mai sayen amfaninsu.

Abokan sana'armu za su ce mun cika tsanani, ai manhaja tana rage wahala. Gaskiya ne, kuma ba mu jefar da wayoyinmu a rijiya ba. Da waya muka duba lokutan jirgin ƙasa, muka ga cewa tsakanin Dijon da Beaune tafiyar kamar minti ashirin ce. Da ita za mu karanta jikin kwalba, da ita za mu nemo alƙibla. Ɗan aike ne mai sauri, kuma ba laifi a aiki ɗan aike. Laifin shi ne a tambaye shi ina ya kamata a je. Su kuma masu cewa nan gaba za a gyara, manhaja za ta koyi sanin irinmu, muna tambayar su: wa zai biya kuɗin gyaran? Kamfani yana gyara abin da yake jawo masa asara ne. Matafiyi uku daga Arewa da suka ƙi shiga ɗakin giya ba asara ba ne a littafin kowa.

Mu ma kuma kada mu wanke kanmu. Abin da ya sa jadawalin waya yake shiga ranmu shi ne yana ba mu abin da muke so a ɓoye, wato wuraren da za a gane a hoto. Da yawanmu muna fita waje ne domin mutanen gida su gani, muna tsayawa a inda dubu suka tsaya, mu karkata kai yadda suka karkata, mu ɗora a WhatsApp kafin mu kalli wurin da idonmu. Alhali tafiyar nan da tsada muke sayen ta. Kuɗin neman bizar Shengen ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma ko an hana ka ba a mayar maka. Sai ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanan asusunka, ka jira kwana 15, wani lokaci har 45. Kowa ya lissafa wannan da canjin yau. Mutumin da fasfonsa yake buɗe masa ƙofa ba tambaya yana iya ɓarar da mako guda a kan shawarar na'ura, ya koma baɗi ya gyara. Mu ba mu da tabbacin baɗi. Wanda ya sha wannan wahala kafin ya taka ƙasa, bai kamata ya miƙa kwanakinsa shida ga abin da bai san sunansa ba.

Ga abin da muka tsara a ƙarshe, da biro a takarda. Ranar farko Chasselay, mu yi wa mutanenmu addu'a. Daga nan Dijon kwana biyu: gidan kayan tarihin da yake cikin tsohuwar fadar sarakunan Burgundi, wanda shigarsa kyauta ce, da kasuwar safe, inda za mu sayi burodi da zuma da ƙwai da kifi mu dafa da kanmu. Sai Beaune, mu ga asibitin Hôtel-Dieu da Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka gina wa talakawa a 1443, wanda ya ci gaba da karɓar marasa lafiya har 1971. Gonakin da mutane suka yi ta ba shi kyauta su suka riƙe shi ƙarni bayan ƙarni, tsari mai kama da waƙafi, duk da cewa amfanin gonakin giya ce da ake gwanjonta kowane Nuwamba. Tsarin za mu duba, hajar mu bar musu. Rana ɗaya a kan keke, ta hanyar da ta ratsa gonaki daga Beaune ta bi Pommard da Volnay da Meursault zuwa Santenay, mu tsaya duk inda muka ga mutum yana aiki, mu gaishe shi da ɗan Faransancin da muka haddace. Rana ta ƙarshe ba mu rubuta komai a kanta ba.

Mun karanta wa Kawu wannan takarda ta waya, layi bayan layi. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce mu fasa ba. Ya ce mu riƙe sallah a kan lokaci, mu kula da abin da za mu kai baki. Har za mu yi sallama sai ya ce, "Af, ɗana, wannan auren itace da ka ce sun yi ya kashe musu ƙwaro, ka duba min da kyau a wane tsayi suke yankawa, da abin da suke ɗaurewa da shi. Ka ɗauko min hotonsa kusa-kusa."

Muka ce, to Kawu, in Allah Ya yarda.